Ƙauyen da ke hura wa duniya iska

Mulfingen ƙaramin gari ne a bakin kogin Jagst, a jihar Baden-Württemberg ta kudancin Jamus. Mutanensa ba su kai dubu huɗu ba. Amma a nan hedikwatar ebm-papst take, kamfanin da ke da ma'aikata fiye da dubu goma a faɗin duniya, cinikinsa kuma ya haura Yuro biliyan 2 a shekara. Sana'arsa fanka, irin wadda ido ba ya gani: tana ɓoye cikin na'urar sanyaya ɗaki, da firjin manyan kantuna, da ɗakunan ajiye manyan kwamfutoci.

Da an kawo irin wannan labari sai ka ji an ce, ai Jamus ce, wuta ba ta ɗaukewa, hanya kuma lafiya lau. Haka ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai wuta da kwalta suna ko'ina a Jamus. Me ya sa masu ƙera fanka suka yi dandazo a wannan lungu na manoma da ake kira Hohenlohe? A ganina amsar tana ga yadda maigida ke sallamar yaronsa.

Asalin abin daga Berlin ne. A 1897 wani injiniya, Emil Ziehl, ya tsara injin lantarki wanda ɓangarensa mai juyawa yake ta waje, koyil kuma yana tsaye a ciki. Duk wanda ya taɓa kallon mai gyara ya kwance fankar silin ya ga irin wannan tsari: gangar jikin ce ke juyawa, fukafukan kuma a jikinta aka ɗaure su, ba bel ba dogon ƙarfe. A 1910 ya haɗa gwiwa da Eduard Abegg suka kafa Ziehl-Abegg. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, Tarayyar Sobiyet ta kwance injunan masana'antar ta yi gaba da su. 'Ya'yansa biyu, Günther da Heinz, suka tashi da abin da ke cikin kansu, a 1949 suka sake kafa kamfanin a Künzelsau, wani ƙaramin gari kusa da Mulfingen.

Daga nan gidan ya shiga haihuwa. Wilhelm Gebhardt ya fita ya kafa nasa kamfanin fanka a 1958. Karl Rosenberg ya kafa nasa a 1981. Wanda ya fi jan hankalina shi ne Gerhard Sturm, ɗan yankin, wanda ya yi aiki a Ziehl-Abegg har hannunsa ya faɗa. A 1963 ya buɗe Elektrobau Mulfingen, wato ebm a taƙaice, da ma'aikata 35, don ƙera ƙananan injuna masu wancan tsari. Wa ya tsaya masa? Heinz Ziehl da kansa, ɗan gidan da ya baro. Bai ɗauke shi kishiya ba. Hannun jari ya zuba, suka zama abokan kasuwanci.

Mu ma ba baƙin wannan ɗabi'a ba ne. A Kantin Kwari sau nawa maigida ya yaye yaron shago da jari da kaya bashi? Amma a saye da sayarwa abin ya fi tsayawa. Je ka wurin masu naɗin koyil a kowane gari na Arewa, za ka tarar da hannu mai kyau, mutumin da zai tayar da injin da ya ƙone ƙurmus. Yaronsa kuwa in ya gama koyo, walima ce da addu'a, sai ya nemi 'yar rumfa ya ci gaba da gyaran abin da wasu suka ƙera. Shi maigidan ma ba shi da abin ba shi, kuma attajirin da ke da shi ya gwammace ya sauke kwantena. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, tunda ya ga yadda rashin wuta ya durƙusar da masana'antun Sharaɗa da Bompai. Amma ko gobe wuta ta tsaya, ba ita za ta haɗa mai kuɗi da mai hannu ba.

Kada kuma a ɗauka zaman ƙauye duk riba ne. Garin da bai kai mutum dubu huɗu ba ba zai cika masana'anta ba, dole kamfanin ya riƙa ɗebo ma'aikata da motocinsa daga garuruwan kewaye, kuma shawo kan matashin injiniya ya bar Stuttgart ya tare a can sai da lallashi. In kasuwa ta yi tari, gari duka ke kwana da mura.

Duk da haka masu ebm ba su tashi daga Mulfingen ba. A 1992 suka sayi kamfanin Papst na St. Georgen, a 1997 suka ƙara da wata masana'anta a Landshut, a 2003 aka haɗe sunayen ya zama ebm-papst. Hedikwatar tana nan a bakin Jagst, kuma har yau zuriyar Sturm da ta Ziehl suna cikin masu kamfanin.