Abin da Kacey Musgraves ta cire daga kiɗanta a kundin Deeper Well

Ranar 15 ga Maris 2024 mawaƙiyar Amurka Kacey Musgraves ta fitar da kundin waƙoƙinta mai suna Deeper Well, waƙa 14 cikin minti arba'in da 'yan kai. Tun daga lokacin masu sharhi suke ta cewa mawaƙiyar ta girma, ta nutsu. Hujjarsu ita ce abin da ta faɗa da bakinta a waƙar da kundin ya ci sunanta: ta daina shan tabar wiwi, ta yi sallama da mutanen da ke ɓata mata lokaci. Na yarda ta girma, amma wannan hujja ba ta isa ba, domin kowane mawaƙi yana iya rera cewa ya shiryu. Girman da kunne zai iya tabbatarwa yana cikin aikin kansa: kayan kiɗa nawa aka bari, a ina aka ajiye murya, wane baiti ne zai tsaya da ƙafarsa idan aka janye masa ganga. Idan aka auna kundin da wannan ma'auni, za a ga ya yi nasara babba a wasu wurare, ya kuma yi rauni a wasu, kuma dalilin nasarar da na raunin ɗaya ne.

An haifi Musgraves a 1988, ta tashi a wani ƙaramin gari mai suna Golden a gabashin jihar Texas. Kundinta na 2013, Same Trailer Different Park, shi ya fito da ita. Ƙarfinta a lokacin ido ne: tana kallon rayuwar ƙananan garuruwa, auren wuri, bashi, gulmar maƙwabta, ta zuba su a baiti da harshe mai kaifi. Waƙar Merry Go 'Round daga wannan kundi ta ci kyautar Grammy ta waƙar kantiri (salon kiɗan karkarar Amurka) mafi kyau a 2014. Daga baya ta haɗu da furodusoshi biyu, Ian Fitchuk da Daniel Tashian, suka yi Golden Hour da ya fito a 2018, inda suka gauraya banjo da jitar ƙarfe da sautin na'ura har da ɗan kiɗan disko, kundin ya ci Grammy huɗu a 2019, ciki har da ta kundin shekara baki ɗaya. Sai Star-Crossed a 2021, bayan mutuwar aurenta. A can kiɗan ya yi kauri, an jibga sautin na'ura a kan murya, har masu tantance Grammy suka yanke cewa kundin bai cancanci shiga rukunin kantiri ba. Matsalarsa a ganina ba ta rukuni ba ce. Zafin da ke cikin kalmomin ya nutse a cikin ado, mai sauraro yana jin an yi baƙin ciki amma bai ji shi a jikinsa ba.

Da mutanen nan biyu dai ta sake aiki a Deeper Well, sai dai a wannan karo sun bar Nashville, birnin da yake cibiyar kiɗan kantiri, sun tafi sutudiyon Electric Lady da ke birnin New York, wanda Jimi Hendrix ya buɗe a 1970. Abin da suka dawo da shi kundi ne da jitar katako ke riƙe da kusan komai. Maimakon a riƙa sharar tsirkiyoyi gaba ɗaya, ana tsinkar su ɗaya bayan ɗaya da yatsu, babban yatsa yana kula da masu kauri, sauran suna ɗauko karin waƙa a sirara. Ganga tana nan amma a baya, a hankali. Banjo da jitar ƙarfe suna leƙowa su koma. Ita jitar ƙarfe, wadda ake kwantar da ita a kan ƙafafu kamar tebur, galibi da tsirkiya goma, ana goga mata guntun ƙarfe da hannun hagu ana taka feda da ƙafa ana tura wasu maɓallai da gwiwa, ita ce ke fitar da kukan nan da aka san kantiri da shi. Makaɗin da bai ƙware ba yana cika kowane gurbi da ita. A wannan kundi ana barinta ta amsa wa murya bayan an gama layi, sannan ta yi shiru.

Wanda bai taɓa zama a sutudiyo ba zai ɗauka kiɗa mara yawa ya fi sauƙin ɗauka. Akasin haka ne. Idan kayan kiɗa ashirin suna tashi tare, kuskuren ɗaya yana ɓuya a bayan sauran. Idan jita ce da murya kawai, komai a fili yake. Makirfo da aka kusantar da baki ƙasa da taƙi ɗaya yana ƙara wa murya kauri na ƙarya, ya kuma kamo kowane numfashi da kowane sautin "s", wanda ke zaune tsakanin zangon 5,000 da 8,000 a ma'aunin sauti. Idan mai haɗa sauti ya danne wannan zango da yawa, sai mawaƙiya ta zama kamar mai tsamin baki. Idan ya bar shi, ya soki kunne a wayar hannu. Jita ma tana da nata: makirfo da aka saita daidai ramin cikinta yana ɗauko gurnani a wajen zango 100 zuwa 250, gurnanin ya hau kan ƙasan muryar mace ya dagula ta. Shi ya sa ƙwararru ke karkata shi zuwa inda wuyan jita ya haɗu da gangar jikinta. Sabuwar tsirkiya kuma tana ƙara idan yatsa ya zame a kanta. A bar ƙarar kaɗan, waƙa ta yi rai. Ta yi yawa, hankalin mai sauraro ya bar baiti ya koma kan yatsa.

Kuskure mafi yawa a irin wannan aiki yana zuwa ne a ƙarshe, lokacin daidaita ƙarfin sauti. Shekaru da yawa ana matse waƙoƙi da na'ura domin su fi na kusa da su ƙara a rediyo, sai wurin da aka yi raɗa da wurin da aka ɗaga murya su zama ɗaya. Yanzu manhajoji irin su Spotify suna mayar da waƙoƙi kan ma'aunin ƙarfi guda, saboda haka wanda ya matse tasa bai samu ƙarin ƙara ba, ya dai yi asarar hawa da saukar murya. A Deeper Well an bar wannan hawa da sauka. Muryar Musgraves ba mai faɗi ba ce, ba ta cikin masu tsaga ɗaki da ihu, kuma ta daina ƙoƙarin nuna tana iyawa. Tana rera yawancin layuka a tsakiyar muryarta, kusa da magana, ba ta lanƙwasa ƙarshen kalma. Inda ake son amshi ya buɗe, maimakon ta ɗaga murya sai a ɗora wata muryarta a kan ta farko, kamar yadda aka yi a Cardinal, waƙar da ta buɗe kundin. Wannan shi ne girman da nake magana a kai. Mawaƙiya ta san iyakar makogwaronta, ta gina kiɗa daidai da shi.

Masu sauraro a Najeriya ba baƙin wannan salo ba ne. Waɗanda suka tashi da kaset ɗin Don Williams da Jim Reeves sun san kantirin da ba ya gaggawa, wanda murya ke tafiya a gaba kiɗa yana binta a baya. Shi kansa banjo asalinsa daga kayan kiɗan Afirka ta Yamma ne, bayin da aka kai tsibiran Karebiyan da Amurka suka ƙera shi da ƙwarya da fata, dangin molo da gurmi ne.

Sai dai rage kiɗa yana da farashi, kuma baiti ne ke biya. Tuwon da babu miya mai yawa, dole tuƙinsa ya yi kyau. Waƙa biyu a kundin sun biya farashin nan har da canji. Cardinal ta yi ta ne bayan rasuwar John Prine, dattijon marubucin waƙa da cutar korona ta kashe a Afrilun 2020, wanda suka yi aiki tare. Ba ta ambaci baƙin ciki kai tsaye ba. Ta ɗauki wani jan tsuntsu da ya riƙa zuwa kusa da ita, ta bar shi ya ɗauki nauyin rashin. Abu ne da ido ke gani, shi ya sa ya zauna a zuciya.

Ta biyun ita ce The Architect, kuma a kanta ya kamata a daɗe. Waƙar tana tambaya ne ko akwai Mai tsara duniya, ta fara daga ɗan itacen tufa, ta wuce zuwa katafaren kwazazzabon nan na Grand Canyon, ta dawo kan fuskarta da take gani a madubi. Ta rubuta ta bayan harbin da aka yi a wata makarantar firamare a Nashville a Maris 2023, inda aka kashe yara uku da manya uku. Mai imani yana da amsar tambayar tun kafin a yi ta, amma ko shi zai ga gwanintar tsarin: daga ƙaramin abu zuwa babba, daga babba zuwa kai, kowane baiti yana shirya wa na gaba hanya, duk cikin kimanin minti uku. Abin lura shi ne da wa ta rubuta ta. Shane McAnally da Josh Osborne ne, mutanen da suka rubuta Merry Go 'Round tare da ita. A al'adar Nashville marubuta biyu ko uku ke zama a ɗaki guda, wani ya zo da take, a gina amshi yadda taken zai faɗo a daidai wurinsa, sannan a tace kowane layi, wanda bai tura labari gaba ba a jefar da shi, a ƙarshe a raba haƙƙin mallaka daidai wa daida. Wannan horo ana jin sa a waƙar. Ta ci Grammy ta waƙar kantiri mafi kyau a Fabrairun 2025, shekara 11 bayan su ukun sun ci irinta.

Inda kundin ya yi rauni shi ne inda nutsuwa ta tashi daga yanayin waƙa ta zama maudu'inta. Akwai layukan da suka yi kama da abin da ake faɗa a wajen masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kalmomi irin su iyaka da kula da kai, masu amfani a rayuwa amma marasa siffa a baiti. Akwai jingina da taurari, batun dawowar tauraron Zuhal (Saturn) wurin da yake ranar haihuwar mutum, da duwatsun da ake ɗaurawa don kariya a Jade Green. Ba maganar aƙida kaɗai nake yi ba, ko ta fuskar rubutu wannan gajeriyar hanya ce, domin ta ɗora wa tauraro bayanin sauyin da ya kamata a nuna mana a aikace. Lonely Millionaire tana gaya wa mai sauraro cewa kuɗi ba sa kawo farin ciki, magana ce ta gaskiya, amma babu mutum ko ɗaki ko dare guda a cikinta da zai sa a ji kaɗaicin. Musgraves ta 2013 da ta nuna mana attajirin zaune, ta faɗi abin da ke kan teburinsa. Anime Eyes kuwa ta fasa yanayin kundin da wani sashe na magana da sauri wanda bai dace da maƙwabtansa ba.

Akwai kuma matsalar jeri. Waƙa 14 da kusan dukkansu ke tafiya a hankali suna buƙatar a canza wani abu kowace waƙa uku ko huɗu, ko saurin kiɗa, ko matakin murya, ko kayan kiɗan da ke jagora. A tsakiyar Deeper Well waƙoƙi suna narkewa cikin juna, sai mutum ya duba waya ya ga ko an shiga wata. Da an tsaya a 11, kundin ya fi haka ƙarfi. Amma lissafin kasuwa yana jan akasin haka, tunda sauraron daƙiƙa 30 ake ƙirgawa a matsayin ɗaya, kuma yawan waƙoƙi yana ƙara yawan ƙirge. Maimakon ragi, a Agustan 2024 aka fitar da wani bugu mai ƙarin waƙoƙi.

Duk da haka dole a faɗi abin da ya ba ta damar yin irin wannan kundi. Gidajen rediyon kantiri a Amurka sun daɗe suna ƙuntata wa mata. A 2015 wani mai ba su shawara, Keith Hill, ya fito fili ya ce a rage sa waƙoƙin mata idan ana son masu sauraro, maganar da ta tayar da ƙura. Merry Go 'Round ta taɓa goman farko a rediyon kantiri, waƙoƙin Golden Hour kuwa ba su je ko kusa ba, duk da kyaututtukan da kundin ya kwasa. Wanda rediyo ya riƙe dole ya kawo amshi da wuri, da ganga mai ƙarfi, da sautin da zai ratsa ƙarar mota. Ita da rediyo ya saki, ta samu masu sayen faifai da tikitin wasa, waɗanda za su zauna su ji kundi daga farko zuwa ƙarshe. Deeper Well ya shiga jadawalin Billboard a mataki na biyu da kwatankwacin kwafi 97,000 a makon farko, ya kuma hau na ɗaya a jadawalin kantiri. A Grammy ta 2025 an sa shi cikin masu neman kyautar kundin kantiri, Beyoncé ta ɗauke ta da Cowboy Carter.

Abin da nake fata daga gare ta nan gaba a bayyane yake. Ta riƙe wannan kunne da ta samu, wanda ya san lokacin da jitar ƙarfe za ta yi shiru, ta kuma koma ɗakin rubutu da mutanen da za su ce mata wannan layi bai nuna komai ba, a sake shi. Ta yi hakan sau biyu a wannan kundi, a Cardinal da The Architect, sauran waƙoƙi 12 kuwa suna da kiɗan da ya cancanci irin wannan rubutu.