Kowa likita ne a danginmu

Matattakalar wurin aikinmu ce ta fara tona min asiri. Kafin in kai hawa na biyu sai in tsaya in dafa bango ina haki, in wani ya zo wucewa in zaro waya kamar ina duba saƙo. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na yi suɓutar baki na faɗa wa Goggo. Kafin magariba dangi kaf sun ji labari, har da waɗanda rabon da mu gaisa an daɗe.

"Ɗan nan, sanyi ne ya kama maka ƙirji," in ji Goggo. "Ka tafasa citta da kanumfari a shayi mai kauri, ka sa zuma, safe da yamma." Kawu ya ce habbatus sauda. Maƙwabcina ya rantse da ɗanyar tafarnuwa, a tauna kafin a karya. Ba wanda ya tambaye ni ko ina tari, ko ƙirjin yana ciwo. Ni kuwa ba na son ɓata wa kowa rai, sai na haɗa duka.

Tafarnuwa ba a baki take tsayawa ba. Warinta yana shiga jini, ya fito ta huhu da gumi, shi ya sa asuwaki da buroshi ba su yi min rana ba. Abokin aikina ya fara buɗe taga ko da ana sanyi. Uwargida ta daure iya daurewa, ran nan cikin dare ta ce, "Malam, don Allah ka ɗan juya can." Numfashina bai ƙaru ba, na makusantana ne ya ragu.

Sai aka zo kan surace. Aka zuba ganyen na'ana'a a tafasasshen ruwa, na durƙusa a kan roba, aka lulluɓe ni da bargo. Kai, ban taɓa jin daɗi irin wannan ba! Na ji iska mai sanyi tana ratsa ni har ƙeya. Daga cikin bargo na ɗaga murya na ce na warke, a sanar da Goggo. Garin miƙewa da murna gwiwata ta ture robar, ruwan ya bi min ƙafa. Washegari na je aiki da ɗingishi, kuma a daidai inda na saba tsayawa, nan na tsaya.

Ƙunar ce ma ta kai ni asibiti. Likita yana duba ƙafar ya ji yadda nake huci, ya ce in zauna. Ya ƙirga numfashina, ya ce na babban mutum a zaune tsakanin 12 ne da 20 a minti guda. Ya saurari ƙirji, babu fito irin na mai asma. Ya ja fatar idona ƙasa, ya ga cikin ya yi fari, ya tura ni awon jini.

Ashe huhuna lafiyarsa lau. Ƙarancin jini ne. Ya ce sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini bai kamata ya gaza 13 ba ga namiji, nawa kuwa ko kusa. Masu dako sun yi kaɗan, dole zuciya da huhu su riƙa ninka aiki.

"To Likita, na'ana'ar fa? Wallahi na ji ta buɗe ni."

Ya yi dariya. Ya ce jijiyoyin da ke jin sanyi a hanci take taɓawa, sai mutum ya ɗauka iska ta ƙaru alhali tana nan yadda take. Shayin Goggo kuwa, mai kaurin nan, yana rage wa hanji tsotsar sinadarin ƙarfe da ake gina jini da shi. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce kar in sha su da shayi, kar kuma in firgita in na ga bayan gida ya yi baƙi. Ya ƙara wani gwajin don a gano inda jinin ke zurarewa, ya ja min kunne cewa in hakin ya zo ina zaune, ko da ciwon ƙirji, in taho nan take.

Da yamma na kira Goggo na karanta mata sakamakon. Ta yi salati.

"Ƙarancin jini? Ai da ka faɗa tun farko! Akwai wani ganye. Ka ce wa matarka ta wanke babbar tukunya, gobe da sassafe ina nan tafe."