Ƙaramin babur da kuɗin gyara: me ya sa ake farawa daga salansa?

A shekarar 2013 kamfanin Honda ya fito da wani ɗan babur da ake haɗawa a Tailan. A Turai da wasu ƙasashen Asiya sunansa MSX125, a Amurka da Japan kuma Grom. Injinsa cc 125 ne, iska ke sanyaya shi, ƙarfinsa bai wuce na doki goma ba, tayoyinsa inci 12 ne, nauyinsa kilo ɗari da 'yan kai. Da ƙyar yake taɓa kilomita 100 a awa, kuma sai mai shi ya kwanta a kan tanki. Farashinsa na farko a Amurka dala 2,999 ne. A ƙasar da ake taƙama da manyan babura masu cc dubu da ɗoriya, wannan ɗan ƙaramin ya samu karɓuwa har Kawasaki ta ga ba za ta zauna ba, ta fito da nata mai suna Z125 Pro.

Abin da ya ɗaga Grom ba gudu ba ne. Sauƙin taɓawa ne. Kamfanonin Japan irin su Takegawa da Kitaco suna ƙera masa fistin da bulo da ke kai injin cc 181, Yoshimura na yi masa salansa, Öhlins na Suwidin na yi masa shokozoba. Akwai masu kashe wa babur ɗin kuɗin da ya zarce wanda suka saye shi. Honda da kanta ta gane inda kasuwar take: a samfurin da ya fito wajen 2021 ta ƙara masa giya ta biyar, ta kuma yi robobin jikinsa yadda mai shi zai kwance su da 'yan ƙusoshi kaɗan ya sauya launi a ƙofar gidansa.

Na kawo wannan babur ne don ba baƙo ba ne a wurinmu kamar yadda sunansa yake nunawa. Injinsa mai kwantacciyar silinda jikan injin Super Cub ne, babur ɗin da Honda ta fara yi a 1958, aka kuma ƙera fiye da miliyan 100 zuwa 2017. Irin wannan zubin injin ne kamfanonin Sin suka kwaikwaya, shi ne a cikin roba-robar da ke kai yara makaranta a Kano da Maraɗi. Sha'awar da ke sa matashin Kalifoniya ya kwana yana kwance injin cc 125 ita ce ke kai matashin Zariya kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano neman fitila da sitika da sabon hon. Kuma ni ina goyon bayan wannan sha'awa ba tare da wata kwana-kwana ba. Yaron da ya san abin da ke cikin kaburetarsa, ya iya ɗaure sarƙa, ya san lokacin juye baƙin mai, ya fi wanda bai san komai ba sai murɗa hannu. Da yawa daga cikin ƙwararrun kanikawanmu daga nan suka faro.

Inda nake da ja shi ne tsarin da ake bi wajen kashe kuɗin. A can da nan duk ɗaya ne: salansa farko, sai kwalliya, sai neman ƙarin gudu, birki da taya da hular kwano kuwa sai in an samu canji. A ganina wannan jeri a kife yake, kuma dalilan ba na wa'azi ba ne, na ƙarfe ne.

Mu fara da salansar. Injin ƙaramin babur an auna masa komai tun daga masana'anta, yawan iskar da zai sha da yawan fetur ɗin da za ta gauraya da shi. Idan aka yanke salansa ko aka farke cikinta, aka kuma cire matatar iska don inji ya shaƙa da yawa, iska ta ƙaru amma fetur yana nan yadda yake. Cakuɗen ya tsinke, inji ya riƙa ɗaukar zafi fiye da kima. A babur mai kabureta sai an sauya ƙaramar ƙusar da ke auna mai, a irin su Grom masu feshin mai da kwamfuta kuwa sai an sake saita kwamfutar. Masu yi da ilimi suna haɗa waɗannan duka, abin da suke samu kuma ɗan ƙari ne, doki ɗaya ko kusa da haka. Wanda ya tsaya a kan yankan salansa kawai, sau da yawa ƙarfin tashi ma yake ragewa, don tsawon bututun da faɗinsa suna cikin lissafin injin. Sai ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Damagaram, inda ake wuce digiri 40, a kan injin da ba shi da abin sanyaya shi sai iskar hanya. Bawul ke fara ƙonewa, fistin ya biyo baya. Cire matatar iska a ƙasar da hunturu ke cika sararin sama da ƙura kuwa, tura yashi ne kai tsaye cikin silinda. Mai babur ya ji ƙara ta ƙaru sai ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru, bayan 'yan watanni yana gaban bakanike ana maganar sauke inji.

Akwai hujjar da masu ƙara ke kawowa, kuma ta cancanci a amsa ta da gaske. Suna cewa ƙarar ce ke sa mai mota ya san da zuwansu, don haka tana ceton rai. Na fahimci tsoron da ke bayan wannan magana, don duk wanda ya hau babur a Titin Zariya da yamma ya san yadda direbobi ke kallon mai babur kamar ba ya nan. Amma bakin salansa baya yake kallo, haɗarin kuwa galibi daga gaba yake zuwa. Binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda aka fitar a 1981 bayan bin diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles, ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu karo ne da wani abin hawa, kuma a kashi biyu cikin uku na waɗannan ɗaya direban ne ya shiga hanyar mai babur, sau da yawa yana shan kwana a gabansa bai gan shi ba. Maganin rashin gani shi ne fitila a kunne da rana, tufafi masu haske, sigina mai aiki, da tazarar da birki zai iya cinyewa. Direban da ya rufe gilashi ya kunna rediyo ba zai ji ƙarar ba sai babur ya wuce shi. Waɗanda ke jin ta sosai su ne mara lafiyar da ke kwance a ɗakin da ke bakin titi, da mai jegon da ta samu jariri ya yi barci da ƙyar, da masu sallah a masallacin unguwa. Haƙƙin maƙwabci ne ake ci, kuma ba wanda ya ba mai babur izinin hakan don kawai da kuɗinsa ya saya.

Ƙasashen da wannan wasa ya fi ƙarfi a cikinsu sun fara gajiya. A 2016 Harley-Davidson ta amince ta biya tarar dala miliyan 12 ga hukumomin Amurka saboda sayar da na'urorin sauya saitin inji da ke ƙara hayaƙi. Tun 2020 jihar Tirol ta Ostiriya ta hana babura masu ƙarar da ta wuce desibel 95 bin wasu hanyoyin duwatsunta a lokacin bazara. A Faransa an gwada na'urorin da ke auna ƙarar abin hawa su ɗauki lambarsa. Mu namu hukumomin ba su cika tsayawa auna ƙara ba, hani suke yi gaba ɗaya. Kano ta hana goyo a babur a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022, Diffa ta daɗe a ƙarƙashin haramcin babura saboda tsaro. Waɗancan dalilai daban ne, na sani. Amma sun nuna cewa babur a ƙasashenmu yana tafiya ne a kan haƙurin jama'a da na hukuma, kuma duk ayarin rakiyar amarya da ya tare titi da ƙara da ɗaga ƙafar gaba yana rage wannan haƙuri ga kowa, har da magidancin da ba shi da abin hawa sai wannan.

Maganar gudu ma akwai lissafin da ba ya sauyawa. Tazarar da ake bukata kafin birki ya tsayar da babur ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa take yi. In ka ninka gudu sau biyu, tazarar ta ninku sau huɗu. Daga kilomita 60 zuwa 80 kawai, ta kusa ninkuwa biyu. Wanda ya faɗaɗa injinsa daga cc 125 zuwa 181 ya bar birki da taya da shokozoba yadda masana'anta ta yi su don ƙaramin ƙarfi, ya ƙara wa kansa gudun da ba shi da abin tsayar da shi. Ba banza ba Tarayyar Turai ta wajabta birkin ABS, wanda ke hana taya ƙamewa, a kan sabbin babura da suka wuce cc 125 tun 2016, Indiya ma ta bi sahu ga duk sabbin irin waɗannan babura daga Afrilun 2019.

In da ni zan tsara wa ƙanena kuɗinsa, taya zan sa farko. Abin da ke haɗa babur da kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba a kowace ƙafa, kuma bambancin taya mai kyau da ta bogi yana fitowa ne ranar da aka yi yayyafin farko a kan titin da ya sha baƙin mai. Sai birki na asali, da sauya ruwansa a kan lokaci ga masu birkin faifai. Sai shokozoba, wadda masu Grom da kansu suka fi kuka da ita a samfuran farko, don tana da laushi ga mai jiki. Wanda yake son ƙarin kuzarin tashi a cikin gari kuwa akwai hanya mai arha da ba ta taɓa cikin inji: ya rage haƙori ɗaya a ƙaramin faifan da sarƙa ke hawa a gaba. Daga 15 zuwa 14, misali, tashi zai ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari, gudun ƙarshe ya ɗan ragu, kuma in bai ji daɗi ba ya mayar da tsohon cikin rabin awa.

Sai madubi. Wannan namu ne, kuma yana damuna ƙwarai. Matashi zai fito da sabon babur daga shago, abu na farko da zai yi shi ne kwance madubai biyun, wai sun sa babur ya yi kama da na dattawa. Daga nan duk lokacin da zai sauya hannu sai ya waiwaya, a daidai daƙiƙar da mai Adaidaita Sahu da ke gabansa zai taka birki don ɗaukar fasinja. In siffar ce ba ta yi ba, akwai ƙananan madubai da ake ɗaurawa a ƙarshen hannun babur, masu gyaran Grom da yawa su suke sawa. Sauya shi, kada ka cire shi.

Hular kwano ita ce ta fi kowane gyara daraja, ita ce kuma aka fi rainawa. Nazarin da Cochrane, ƙungiyar masu tantance binciken lafiya, ta fitar a 2008, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya ta fara tilasta sanya ta a ranar 1 ga Janairun 2009, an ga wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya ko hular leburori don kauce wa kamu, kuma har yau ba mu fita daga wannan tunani ba, na ɗaukar hula a matsayin abin nuna wa jami'i. Gaskiya ne tana da zafi, mai kyau kuma tana da tsada, musamman tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi. Amma wannan uzuri na ɗan acaɓa ne mai neman abin cefane. Wanda ya iya sayen salansar kwalliya da fitilu masu launi bakwai yana da kuɗin hula mai tambarin inganci na ECE (na Turai) ko DOT (na Amurka), sai dai ya lura, don tambarin ma ana buga na jabu. Mai nauyin takarda da igiyar da ake tsinkawa da hannu ba hula ba ce, ko me aka rubuta a bayanta.

Kanikawa suna da babban kaso a nan, don maganarsu ta fi ta uba shiga kunnen mai sabon babur. Ubangidan gareji da zai ce wa yaro, "Ɗana, zan yi maka salansar, amma sai mun gyara kabureta mun bar matata a wurinta, kuma kawo birkin nan in gani," ya yi aikin da jami'in hanya ba zai iya ba. Ya kuma gaya masa ya adana duk abin da aka cire. Babur da aka yanke wa salansa aka datse wa wayoyi yana faɗuwa a kasuwa, don mai saye ya san an wahalar da injin, sabo kuwa garantinsa ta tafi tun ranar da aka buɗe shi.

Hukumomi su ma da sauran aiki a gabansu. A Tailan da Japan da Amurka masu ƙananan babura suna zuwa filayen tseren ƙananan motoci su biya kuɗi kaɗan su gwada abin da suka haɗa, da hula da safar hannu da wanda zai ɗauke su in sun faɗi. Matasanmu masu ɗaga ƙafa ba su da inda za su je sai titin da kowa ke bi, ranar Sallah ko ranar ɗaurin aure. Gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma za ta iya ware fili guda a bayan gari ranar Asabar, ƙungiyar masu babura ta riƙe rajista, jami'an kiyaye haɗurra su tsaya a ƙofa, sharaɗin shiga kuma ya zama hula ta gaske, birki biyu masu kamawa, da salansar da za a koma gida da ita ba a tashi unguwa ba.