Ontariyo: An ƙwace wa hukumomin makarantu jakar kuɗi, a 2025 aka koma neman kujerunsu

A watan Yunin 2025 ministan ilimi na lardin Ontariyo a Kanada, Paul Calandra, ya karɓe iko daga hannun zaɓaɓɓun wakilan manyan hukumomin makarantu huɗu, ya naɗa wa kowace kantoma. Cikinsu har da ta birnin Toronto, wadda ta fi kowace girma a ƙasar, mai ɗalibai sama da 230,000, sai ta Otawa da wasu biyu na Katolika. Hujjarsa ita ce giɓin kasafin kuɗi. Daga baya ya fito fili ya ce yana duba yiwuwar soke kujerun wakilan da jama'a ke zaɓa. Mu da muka taso muna ganin gwamna ya kori ciyamomi ya zuba kantomomi mun san ƙamshin wannan miyar tun ba a sauke ta ba. Ni dai a ganina kuskure ne, amma ba za a gane dalilina ba sai an san yadda aka yanka taswirar makarantun lardin tun farko.

Kanada ba ta da ma'aikatar ilimi ta tarayya. Tsarin mulkin 1867 ya bar ilimi a hannun larduna, kowane lardi kuma da tasa hanyar. A Ontariyo, inda yara kusan miliyan 2 ke makarantun gwamnati, hukumomin yanki 72 ne ke riƙe da su. Sai dai ba taswira ɗaya aka raba gida 72 ba. Taswira huɗu ce aka shimfiɗa ɗaya kan ɗaya: hukumomi 31 na Turanci na kowa da kowa, 29 na Turanci na Katolika, 4 na Faransanci na kowa da kowa, 8 na Faransanci na Katolika. Ma'ana, gida guda a layi guda yana ƙarƙashin hukumomi huɗu a lokaci ɗaya, kowace da hedikwatarta, da daraktanta, da iyakarta wadda ba ta bi ta 'yar uwarta ba. A unguwar da nake, makarantun firamare biyu ne ke kallon juna, titi kawai ya raba su. Da safe za ka ga iyaye biyu da suka fito daga bene ɗaya, riƙe da hannun 'ya'yansu, sun rabu a bakin titin, wannan ya yi dama wancan ya yi hagu. Duka biyun baitulmalin lardi ne ke biyan malamansu.

Rabon masu Faransanci ba ni da ja a kansa. Mutane ne da aka taɓa yunƙurin raba su da harshensu. Doka ta 17 ta shekarar 1912 ta taƙaita koyarwa da Faransanci a lardin, sai a 2016 Firimiyar lardin, Kathleen Wynne, ta nemi afuwa a kanta. Sashe na 23 na kundin 'yanci na 1982 ya ba su haƙƙin karatu da harshensu, Kotun Ƙoli kuma a shari'ar Mahe ta 1990 ta ce haƙƙin ya haɗa da su riƙe ragamar makarantun da kansu. Duk wanda ya ga ɗansa na neman mance Hausa a ƙasar waje ya san abin da suke karewa.

Na Katolika kuwa magana ce daban. Yarjejeniya ce ta 1867 tsakanin Furotesta masu rinjaye a Ontariyo da Katolika masu rinjaye a lardin Kebek, kowa ya kare tsirarun ɗan uwansa. Kebek ɗin kanta ta gyara tsarin mulki a 1997 ta koma rabon harshe, lardin Newfoundland ma ya yi ƙuri'ar raba gardama a shekarar ya yi watsi da makarantun ɗariku. A 1999 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ɗaukar nauyin makarantun addini ɗaya a bar sauran wariya ce. Idan da gaske tsimi da adalci ake nema, nan ya kamata a fara dubawa. Amma tun da John Tory, jagoran adawa a lardin a lokacin, ya sha ƙasa a zaɓen 2007 bayan ya yi alkawarin tallafa wa makarantun sauran addinai, manyan 'yan siyasar lardin suka bar kaza cikin gashinta.

Inda gizo ke saƙar shi ne girman yankunan. A farkon shekarun 1960 hukumomin makarantu a Ontariyo sun haura 3,000, wasu ma makaranta ɗaya tal mai aji ɗaya suke kula da ita. Bill Davis, yana ministan ilimi, ya dunƙule su zuwa kusan 200. Sai gwamnatin Firimiya Mike Harris ta zo da dokar rage hukumomi a 1997, daga 1 ga Janairun 1998 guda 129 suka koma 72, wakilai kusan 1,900 suka koma kusan 700, aka kuma ƙayyade alawus ɗinsu kada ya wuce dala 5,000 a shekara. A Toronto an narkar da hukumomin tsoffin garuruwa shida a tukunya ɗaya mai wakilai 22, wato kowane wakili da yara sama da 10,000 a wuyansa. Hukumar Viamonde ta masu Faransanci ta miƙe daga Windsor har Niagara da Penetanguishene, fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 68,000, ya ninka Jihar Kano sau uku da ɗoriya. A arewa maso yamma, hukumar Keewatin-Patricia ta haɗa Kenora da Dryden da Red Lake da Pickle Lake, garuruwan da ke tsakaninsu tafiyar sa'o'i ce cikin daji, ga ƙanƙara wata da watanni. Wa zai bar aikinsa ya yi wannan tafiyar don ya yi magana ta minti biyar a gaban taro?

A 1998 ɗin ce kuma aka karɓe jakar kuɗin. Kafin 1998 kowace hukuma na iya ɗora nata harajin gidaje da shaguna. Doka mai lamba 160 ta mayar da wannan iko hannun lardi, malamai 126,000 suka ajiye alli na mako biyu a ƙarshen 1997, amma dokar ta wuce. Gaskiya ɗaya ce, a nan Harris yana da hujja. A tsohon tsari Toronto da Otawa masu manyan ofisoshi da masana'antu suna wadaƙa, hukumomin karkara da na Katolika suna lallaɓawa. Yaron ƙauye bai yi laifin komai ba da za a kashe masa ƙasa da na birni. Tara kuɗin wuri ɗaya a raba gwargwadon yawan ɗalibai da buƙatarsu ya fi kusa da adalci, kuma ba na fatan a koma baya.

To amma a duba inda aka bar wakilin. Ba shi da ikon ƙara ko sisi a haraji. Albashi, wanda shi ke cinye mafi yawan kasafin, tun dokar 2014 a teburin lardi ake yanke shi. Tun 2017 an hana hukumomi rufe makarantar da ɗalibanta suka ragu, ko da rabin azuzuwan babu kowa kuma ana biyan kuɗin ɗumama su. Duk da haka doka ta wajabta masa kasafin da babu giɓi. An ɗaure mutum hannu da ƙafa an jefa shi kogi, sannan aka tsaya a gaɓa ana cewa bai iya iyo ba.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2024 wakilai huɗu na wata hukumar Katolika ta yankin Brantford sun tafi Italiya sayen kayan zane da sassaƙa na kusan dala 100,000, abin da ya fusata iyaye, kuma suna da dalilin fushi. Zaɓen ma ba ya armashi. Ana haɗa shi da na ƙananan hukumomi duk shekara huɗu a watan Oktoba, kuma a 2022 kusan mutum ɗaya cikin uku ne ya fita. Kujeru da dama babu hamayya. Wani dattijo maƙwabcina ya faɗa mini cewa da ya zo ƙasan takardar ƙuri'a, inda sunayen masu neman wakilcin makarantu suke, bai san ko ɗaya ba, sai ya bar wurin fayau. Amma me zai sa ya san su, bayan an faɗaɗa mazaɓarsu ta fi ƙarfin ƙafa, an kuma rage musu iko ya koma na sa hannu? Raunin da ake nunawa a yau shuka shi aka yi, ba tsirowa ya yi ba.

Duk da raunin, kujerar tana aiki. Na san wata baiwar Allah, sabuwar zuwa ƙasar, mai yaro da ke da larurar da ba ya iya zama aji sai da mai taimaka masa. Aka wayi gari an rage sa'o'in mai taimakon. Ta je wurin shugaban makaranta, ya ce daga sama ne. Ta aika saƙo ofishin yanki, shiru. Wata uwa a bakin ƙofar makaranta ce ta rubuta mata lambar wakiliyar mazaɓarsu a bayan rasiɗin kanti. Wakiliyar ta kira ta da daddare bayan ta tashi daga nata aikin, ta saurare ta, ta gaya mata wane kwamiti ke duba irin wannan da wace takarda za ta nema. Ba duk sa'o'in aka dawo da su ba, amma an zauna da ita an sake duba maganar. Kantoma ga minista yake kai rahoto, ba wata uwa da za ta iya cire shi ranar zaɓe, kuma mutum ɗaya ba zai amsa wayar iyayen makarantun hukumar Toronto kusan 580 ba.

Wasu lardunan sun riga sun gwada. New Brunswick ta soke hukumominta a 1996, a 2001 ta dawo da zaɓaɓɓun majalisun ilimi na yanki. Tsibirin Prince Edward ya soke, ya sake yin zaɓen wakilai a 2022. Manitoba ta kawo irin wannan ƙuduri, jama'a suka cika ƙofofin gidajensu da allunan adawa, aka janye shi a 2021. Kebek ta soke nata a 2020, amma hukumomin masu Turanci suka je kotu suka yi nasara, saboda su tsiraru ne da sashe na 23 ya kare. Irin haka zai iya faruwa a Ontariyo ta wata fuskar: masu Faransanci da Katolika suna da garkuwa a tsarin mulki, hukumomi 31 na kowa da kowa ba su da ita. Su ne kuma ke ɗauke da mafi yawan yara, har da akasarin 'ya'yan Musulmi da na sauran baƙin haure. Sai ya zama iyayen da ke wannan gefen titi suna da wakilin da za su kira, na wancan gefen ba su da shi.

Abin da nake so in ga gwamnatin Firimiya Doug Ford ta yi bai da yawa. Ta sa wa kowane kantoma ranar tafiya, a bayyana ta. Ta ɗage hanin rufe makarantu don hukumomi su iya yanke shawara su kuma ɗauki alhakinta a gaban masu zaɓe. Sannan ta sake duba taswirar 1998, musamman Toronto, ko a raba ta ko a ƙara kujeru, yadda mazaɓar wakili ba za ta wuce makarantun da zai iya zagayawa ya san shugabanninsu da suna cikin zangon karatu ɗaya ba.