Kafin Ka Ce Kana So, Karanta Waɗanda Suka Riga Ka

Assalamu alaikum ƙannena, samari da 'yan mata.

Kwanakin baya wani ƙanena da aka sa wa rana ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, duba mini wannan saƙon kafin in tura mata." Ina karantawa jikina ya yi sanyi. Layi huɗu ne. Biyu Turanci ne da ya kwaso a intanet, ɗaya baitin waƙar fim, na ƙarshen kuma jajayen zukata ne a jere. Na san yaron nan yana son yarinyar har cikin ransa, don a gabana ya yi shekara biyu a kan keken ɗinki yana tara kuɗin lefe. Amma da aka zo wajen faɗar abin da ke ransa, babu kalma ko ɗaya tasa. Na tambaye shi littafin Hausa na ƙarshe da ya karanta daga bango zuwa bango. Ya yi shiru, can ya ce tun na jarrabawar sakandare, shi ma taƙaitawar da malami ya ba su ya haddace.

Wannan abu yana damuna, shi ya sa nake muku wannan magana. Zuciyarku cike take, amma bakinku ya talauce, alhali kuna zaune a kan gadon da aka tara muku tun kafin a haifi iyayenku.

A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Duk ƙanana ne, kowanne za ka iya gama shi tsakanin azahar da isha'i. Amma idan saurayi ɗaya zai saurare ni ya ɗauki guda ɗaya tak, Jiki Magayi zan ɗora masa a hannu.

Ga dalilina. A cikin labarin, wani saurayi Abubakar yana son Zainabu tun suna yara, kowa ya san da maganarsu. Sai attajiri Malam Shaihu, wanda yake da dukiya amma ba shi da ɗa, ya shigo neman aurenta, dukiya kuma ta yi aikinta. Wannan kaɗai labari ne da kowace unguwa ta sani, yau ma ana yin sa. Abin da ya sa littafin ya fi ƙarfin labarin zaure shi ne abin da ya biyo baya. Abubakar bai haƙura ba. Ya bar gari, ya shiga daji, ya sha baƙar wuya yana neman asirin da zai rama da shi, kuma ramuwar ba a kan mutumin da ya ƙwace masa mata ta sauka kai tsaye ba, a kan jaririn da aka haifa ta sauka, Kyauta, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Yaron ya tashi ɓarawo, har ƙaddara ta kai shi ga kashe mahaifinsa da hannunsa bai san shi ba ne. Shi kuma Abubakar da ya ƙona ƙuruciyarsa a kan ɗaukar fansa, bai tsira da komai ba.

Ku dubi zamaninmu. Sau nawa muke jin an fasa aure, saurayi ya watsa hotunan yarinya, ko ya tara abokai su ɓata mata suna, ko ya nufi gidan boka? Wanda ya zauna ya bi Abubakar shafi bayan shafi, ya ga yadda so ya rikiɗe ya zama ƙiyayya a cikinsa har ta cinye shi, zai yi wuya ya ɗauki wannan hanya bai tsaya ya yi tunani ba. Wa'azi yana gaya maka kada ka yi. Labari mai kyau kuwa yana sa ka ɗanɗani ƙarshen abin tun ba ka fara ba. Haka iyayen da ke ganin mai kuɗi su manta da alkawari, su ma akwai rabonsu a littafin.

Shaihu Umar wani irin so ne daban, kuma ni a ganina babu soyayyar saurayi da budurwa a adabinmu da ta kai shi taɓa zuciya. Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta, shekaru da yawa kafin ya zama Firayim Minista. An raba yaro da uwarsa a zamanin cinikin bayi, aka ƙetara hamada da shi zuwa ƙasar Larabawa. Uwar ta bar gida ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane, ta wahala iya wahala, kuma ba ta sake ganinsa ba sai da ƙarfinta ya ƙare, ta rasu jim kaɗan bayan haɗuwarsu. Ka karanta wannan, sannan ka ɗaga kai ka dubi tsohuwar da kake amsa wa kira da "ina zuwa" idonka na kan waya.

Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce ba sai na tallata muku su ba. Ku dai sani cewa wanda yake son Hausarsa ta yi daɗi a kunne, can ne makarantarsa. Ku lura a Magana Jari Ce da yadda aku yake riƙe ɗan sarki da labari dare bayan dare, da yadda karin magana yake faɗowa daidai gurbinsa ba a tilasta shi ba.

'Yan mata, kada ku ce duk maza ne suka rubuta. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980 bayan gasar da kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya shirya, labarin Boɗaɗo, 'yar Fulani da ta so wanda ba na rugarsu ba, ta tsaya a kan zaɓinta duk da al'ada ta tsaya mata a gaba. Daga baya, lokacin da marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a Kano, aka yi ta zagin abin ana kiransa adabin kasuwa, ana cewa yana ɓata tarbiyya. Akwai tarkace a ciki, ba na musu. Amma cikinsa ne aka sami In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da ya sa gidaje da yawa suka yi muhawara a kan auren dole da fifita mai kuɗi. Cikinsa ne kuma Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'yanta saboda amarya, ta tsaya da ƙafarta ta riƙe su. Wannan littafin har an fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012. Mutanen wata nahiya suna karanta shi, ke da aka rubuta shi da harshenki ba ki taɓa buɗe shi ba. Kuma duk wadda take shirin aure ya kamata ta san Rabi, don littafin yana nuna abin da kan faru bayan an watse daga biki, wurin da finafinai suke tsayawa.

Sai waƙa. Na san akwai mai cewa, "Malam, waƙar soyayya ai shashanci ce." Ka yi haƙuri ka koma zauren malamai. Ka'abu ɗan Zuhairu ya zo Madina yana neman afuwa, ya tsaya gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rera ƙasidarsa, kuma farkonta kukan rabuwa ne da wata mai suna Su'adu. Malaman tarihi sun ruwaito cewa an yafe masa, har aka lulluɓa masa mayafi. Burdar Busiri da ake rerawa a garuruwanmu ita ma da hawaye da tuna masoya ta buɗe kafin ta shiga yabo. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da waƙoƙin Jahiliyya, su Imru'ul Ƙaisi da Antara mai begen Abla, don almajiri ya ƙware a Larabci. Ashe ba son ne abin ƙi ba. Batsa ce abin ƙi, da tona asirin 'yar mutane. Shi kansa Ƙaisu da ake kira Majnunu Laila, abin da ya sa aka hana shi ita, kamar yadda labarin ya zo, shi ne ya yayata sunanta a waƙa har danginta suka ji kunya. Ku karanta shi don daɗin bege, ku kuma lura da wannan, ku masu ɗora hoton budurwa a Facebook tun ba a kai gaisuwa ba.

A Hausa ma muna da namu. Akwai Dausayin Soyayya na Bello Sa'id da ya fito a 1982, waƙoƙin so da aka auna da kari da amsa-amo. Akwai Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon Zariya, wanda idan yana begen Annabi da kwaɗayin zuwa Madina sai ka ji kamar ƙirjinsa zai tsage. Ni daga wurinsa na fara gane cewa bege yana da harshe nasa, kuma wanda ya koyi yadda ake faɗar kewa da ladabi a can, zai iya faɗarta ga matarsa ba tare da ya ari bakin wani ba. Wanda yake son ya ga iyakar abin da Hausa za ta iya ɗauka na azanci kuma, ya nemi Fasaha Aƙiliya na Aƙilu Aliyu.

Waƙa ba a karanta ta a zuci. Ka ɗaga murya, ka rera ta ko da muryarka ba ta da daɗi, don sai a baki ake jin inda baiti ya hau da inda ya sauka. Idan ka ci karo da kalmar da ba ka sani ba, kada ka tsallake. Ka je wurin kaka ko wani dattijo a majalisa ka tambaya, sau da yawa za ka tashi da ma'anar kalmar da kuma labarin da ba ka nema ba. Ku haɗu ku uku ko huɗu, kowa ya sayi littafi ɗaya, ku riƙa musaya. Kuɗin datar da kuke ƙonawa a mako guda kan labaran WhatsApp da ba a san marubucinsu ba, waɗansunsu ma ba za ka so mahaifiyarka ta leƙa ta gani ba, zai iya saya muku ɗaya daga cikin waɗannan a shagunan littattafai na Kano ko Zariya ko Sakkwato. Ku kuma bincika akwatunan iyayenku, akwai gidajen da tsofaffin bugu suke kwance gara tana ci.

Shi ƙanen nawa, na ce ya goge saƙon, ya ajiye wayar. Na ɗauko masa tsohon Jiki Magayi nawa da bangonsa ya yage, na ce ya gama shi kafin Juma'a. Sannan ya sami takarda da biro ya rubuta mata da hannunsa, da Hausar da yake yi da ita a ƙofar gidansu, ya gaya mata abin da yake tunawa duk daren da ya kai ƙarfe goma sha biyu a kan keken ɗinki.