Wa ke koya wa wanda ke miƙo mana magani?

A kantunan magani da yawa na Garwa, Marwa da Ngaundare a arewacin Kamaru, wanda ke karɓar takardar likita daga hannun mai saye, ya karanta ta, ya ɗauko kwalin, ya kuma faɗi yadda za a sha, ba shi ne masanin magungunan da aka ba izinin buɗe kantin ba. Mataimaki ne, saurayi ko budurwa da suka gama sakandare, wani lokaci ɗan uwan mai kantin, aka ba shi farar riga aka tsayar da shi a bayan kanta, jama'a kuma na kiransa Dokta. Ɗaukar irin waɗannan matasa aiki ba laifi ba ne, domin babu farmasin da zai tafi ba tare da su ba, musamman a nan Arewa inda masana magunguna ba su da yawa, tunda akasarinsu a birane irin su Yawunde da Duwala suke karatu, can kuma suka fi zama. Abin da nake ƙalubalanta shi ne yadda ake koya musu aikin, wanda a wurare da dama bai wuce a bar su su koya wa kansu ba.

A ranar farko akan nuna wa sabon ma'aikaci kwamfuta da akwatin kuɗi, a nuna masa yadda ake duba farashi da inda kowane kwali yake, sannan a ce masa ya riƙa lura da wanda ya riga shi. Shi kuwa wanda ya riga shin haka ya koya, kuma layin masu saye ba ya barinsa ya tsaya yin bayani. Kafin a ankara makon gadin dare, wato makon da kantin ke kwana a buɗe, ya zagayo kansa, sai ga ɗan koyo da ƙarfe biyu na dare a gaban uba da ya rungumo yaro jikinsa rau da zazzaɓi, ga takarda da rubutun likita mai wuyar karantawa, ga shi babu wanda zai tambaya.

Mun gaji koyon sana'a da ido, kuma hanya ce mai kyau a inda ta dace. Yaron tela idan ya karkata wuyan riga, mai rigar zai dawo da ita, maigidansa ya yi masa faɗa, a warware ɗinkin a sake, gobe ba zai maimaita ba. Magani bai ba da wannan damar ba. Kuskuren da aka yi a kanta yana bin mai saye gida ne, kuma da wuya ya dawo ya nuna kansa. Idan yaro bai warke ba za a ce ciwon ne ya yi ƙarfi, idan tsoho ya galabaita za a ce shekaru ne, idan ta Allah ta kasance a yi ta'aziyya a watse. Mataimakin da ya yi kuskuren ba zai taɓa jin labari ba, saboda haka zai ci gaba da yinsa da zuciya ɗaya, har wata rana ya koya wa na bayansa. Wannan ne ya sa nake ganin cewa duk wanda ya ce “da sannu zai gane” game da aikin farmasi bai yi wa maganar duban tsanaki ba.

A ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ne cinikin da ya fi yawa daga faɗuwar damina zuwa kaka. Haɗin artemether da lumefantrine, wanda mutane suka fi sani da Coartem, da nauyin jiki ake auna shi: yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya 1 yake sha a kowane lokaci, mai 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya 2, mai 25 zuwa ƙasa da 35 ƙwaya 3, daga 35 zuwa sama kuma ƙwaya 4. Ana sha sau 6 cikin kwana 3, sha na biyu bayan awa 8 da na farko, kuma ana so a haɗa da madara ko abinci mai maiƙo domin jiki ya karɓe shi sosai. Akwai kuma kwalin manya wanda ƙwayarsa guda take daidai da ƙanana 4. Na tsaya a wani kanti ina jiran nawa, wata mata da goyo ta miƙa takarda, budurwar da ke kanta ta ba ta kwalin ta ce, “Hajiya, safe da yamma.” Matar ta tambaya, “'Yata, in ya yi amai fa?” Sai yarinyar ta waiga ba ta ga kowa ba, ta ce a bari sai lokacin sha na gaba. Amsar da ke cikin takardar maganin ita ce idan ya amayar ba da jimawa da sha ba, a sake ba shi. Yarinyar tana da ladabi da son aikinta, amma babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya faɗa mata wannan, kunya kuma ta hana ta cewa ba ta sani ba.

Irin waɗannan abubuwa suna da yawa, kuma babu ɗayansu da ke buƙatar digiri. Doliprane da Efferalgan duk farasitamol ne, haka ma da yawa daga magungunan mura suna ɗauke da shi, wanda ya haɗa su kuwa yana iya wuce giram 4 a rana ya illata hantarsa ba tare da ya sani ba. Garin amoksisilin na yara ruwan da aka tafasa ya huce ake zuba masa daidai zanen da ke jikin kwalbar, kuma bayan an haɗa shi kwanakinsa ƙidayayyu ne. Diklofenak da ibuprofen ba na mai gyambon ciki ba ne, doksisiklin kuma ba a ba mai juna biyu. Chlorpropamide na ciwon sukari ne, chlorpromazine na taɓin hankali, amma a rubutun gaggawa kusan kamarsu ɗaya. Sai batun ajiya, wanda mu da muke ganin zafi na haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu bai kamata mu yi wasa da shi ba: yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, insulin kuwa a firji tsakanin 2 da 8, ga ɗaukewar wuta da ba ta sallama. Ɗan koyon da aka nuna wa firji ba a nuna masa ma'aunin sanyi da littafin rubuta shi ba, bai san lokacin da maganin ya tashi daga aiki ba.

Akwai kuma abin da ba a karanta shi a jikin kwali, wato iya cewa a'a. Kowa a yankin nan ya san ɓarnar da tramol ya yi wa matasa. Idan babban mutum ya jingina da kanta ya ce, “Ɗana, kullum nan nake saye, ba sai da takarda ba,” yaron da aka tarbiyyantar da girmama na gaba zai ji nauyin hana shi, sai fa idan maigidansa ya faɗa masa tun farko waɗanne magunguna ne ba sa fita sai da takardar likita, ya kuma tabbatar masa cewa zai tsaya masa idan mai saye ya fusata. Haka nan sanin jabu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa 1 cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci, kuma a Yulin 2023 ta yi gargaɗi kan maganin tari na yara mai suna Naturcold da aka samu a Kamaru, wanda gubar diethylene glycol da ke cikinsa ta kai kashi 28.6 cikin 100 alhali iyakar da aka yarda da ita 0.1 ce. Sanarwa irin wannan ba ta da amfani idan ta tsaya a wayar mai kanti ba ta kai ga wanda ke jera kwalabe ba.

Masu kantuna suna da hujjarsu, kuma ban raina ta ba. Suna cewa riba ba ta da yawa, masu tallar magani a kasuwa da bakin tasha sun janye musu masu saye, lokaci ba ya isa, kuma wanda ka ɓata watanni kana koya masa yakan tafi wani kantin da zarar ya ƙware. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai abin da ya bambanta farmasi da farantin mai talla, wanda kuma ya sa talaka ke biyan ƙarin sefa, shi ne sanin da ake zaton yana bayan kanta. Dokar 10 ga Agusta 1990 ta keɓe wannan sana'a ga waɗanda suka yi karatunta suka shiga ƙungiyar masana magunguna ta ƙasa, kuma mai wannan gata shi ne mai alhakin abin da ya fita daga kantinsa, ko da hannun wani ne ya miƙa. Ba adalci ba ne a hana yaro horo, sannan ranar da kuskure ya fito fili a zabge masa albashi ko a kore shi a ce an gyara.

Zabge albashin nan ma shi ne ke koya wa mataimaka ɓoye kuskure, alhali abin da kanti ke buƙata shi ne littafi da za a riƙa rubuta duk kuskuren da aka yi ko aka kusa yi, a zauna a duba shi ba tare da cin mutunci ba. Ya kamata sabon ma'aikaci ya yi makonninsa na farko ba ya miƙa maganin takarda sai wani ya sake dubawa, kada a bar shi gadin dare shi kaɗai, a kuma ware ko da rabin awa a mako masanin magunguna ya ɗauki rukuni guda ya yi bayaninsa, da Faransanci da kuma Fulatanci ko Hausar da za a yi wa mai saye magana da su. Ma'aikatar Lafiya da ƙungiyar masana magunguna su ma suna da rawar takawa: masu bincikensu da ke duba takardun izini da ranar lalacewar magani su riƙa tambayar wanda ke tsaye a kanta abin da aka koya masa, da wanda ya koya masa, da kuma lambar da zai kira idan takarda ta shige masa duhu cikin dare.