Jiragen faiba suna nan, kamfanoninsu sun ɓace: a nemi labarinsu a tsofaffin jaridu

Duk wanda ya shiga binciken tarihin jiragen ruwa na faiba a Amurka, sunaye kaɗan zai yi ta cin karo da su. Za a ba shi labarin Ray Greene na garin Toledo a jihar Ohio, wanda ya haɗa zaren gilashi da ƙaro, wato faiba, ya ƙera jirgi tun 1942. Za a nuna masa hoton nan na mujallar Life a 1961, Dick Fisher zaune cikin jirgin kamfaninsa na Boston Whaler ana yanka jirgin gida biyu da zarto, amma bai nutse ba. Sai kamfanoni irin su Glasspar na Bill Tritt a Kalifoniya, da Glastron da aka kafa a Austin a 1956, da Pearson da ya fito da jirgin Triton a baje kolin New York a 1959. Duk sun cancanci a ambace su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauka daga su tarihin ya ƙare.

Ku duba yadda sana'ar take. Jirgin katako sai kafinta gwani da ya daɗe yana koyo. Na faiba kuwa, in ka mallaki abin zubi guda ɗaya, to ka kama hanya. Ka fesa launi a cikinsa, ka shimfiɗa tabarmar zaren gilashi, ka jiƙa ta da ƙaro da buroshi, ka murje kumfar iska, ka ƙara wata a kai, ka bar shi ya daskare, ka ɓamɓaro jirgi. Wasu ma jirgin wani suke ɗaukowa su kwafi siffarsa. Shi ya sa a shekarun 1950 ƙananan masana'antu suka yi ta tsirowa a gareji da rumbunan ajiya, wasu har suna yi wa jiragen fikafikai a baya irin na motocin lokacin. Da yawansu shekaru kaɗan suka yi suka karye, takardunsu suka bi shara. Shi kuwa faiba ba ya ruɓewa kamar katako, ba ya tsatsa. Jirgin yana nan a bayan gidan wani, amma babu mai iya cewa wa ya ƙera shi.

Kuma fa lamba ba lalle ta cece ka ba. Sai daga 1 ga Nuwamba 1972 ne doka ta tilasta a buga wa kowane jirgi lamba mai haruffa da alƙaluma 12 a gindinsa, uku na farko suna nuna kamfanin. Kafin nan kowa da tsarinsa.

A nan ne jaridar ƙaramin gari take da daraja, kuma ni a ganina shafukan da mutane ke tsallakewa su ne masu nama. Ƙaramin talla na neman ma'aikata zai ba ka adireshin masana'anta da shekarar da take aiki. Labarin gobara, wadda ba baƙuwa ba ce a inda ake tara ƙaro da sinadaran wanke shi, yakan faɗi sunan mai wurin da yawan mutanen da suka rasa aiki. Sanarwar kotu za ta gaya maka ranar da bashi ya ci kamfanin. Wadda ta fi burge ni ita ce sanarwar gwanjo, domin a nan ake lissafa kayan zubi. Wani ya saya ya tafi da su wata jiha, sai ka ga jirgi iri ɗaya sak ya ɓullo da sabon suna. Masu tsofaffin jirage kan daɗe suna gardama kan wa ya kwaikwayi wa, alhali amsar tana cikin layi huɗu a shafin baya.

Sai dai a yi hattara, mai talla ba shaida ba ne. Kowa cewa yake shi ne na farko, nasa ne ba ya nutsewa. Tallan yana tabbatar da cewa kamfanin na raye a ranar da aka buga shi, iyakarsa ke nan. Sauran sai an samu wata jarida ko takardar hukuma ta mara masa baya.

Wajen nema kuwa, Chronicling America na ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka kyauta ne, amma jaridunsa sun tsaya a 1963. Newspapers.com sai da kuɗi. Jihohi irin su Kalifoniya da Texas suna da nasu rumbunan a intanet kyauta. Kwamfuta takan yi kuskuren karanta tsohon ɗab'i, don haka in sunan kamfani ya ƙi fitowa, a gwada sunan titi ko na mai kamfanin. Jaridun mako-mako da yawa ma ba su hau intanet ba, suna naɗe a fim a ɗakin karatun garinsu, sai an rubuta wa ma'aikatan wurin. Mu ma da aka fara buga mana Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, haka ya kamata mu riƙa kallon shafukanta na talla da sanarwa.

Abin da ya sa nake ganin aikin na gaggawa ne shi ne mutanen. Saurayin da yake shafa ƙaro yana ɗan shekara 20 a 1958 yanzu ya haura 80. Sanarwar rasuwar mai masana'anta takan jera sunayen 'ya'yansa da garuruwan da suke zaune, kuma sau da yawa a hannunsu hotuna da littafin ciniki suke. In ka samu sunan a jarida, kada ka tsaya a nan, ka nemi iyalin cikin ladabi ka tambaye su tun akwai mai ba da amsa.